Yadda matuƙi zai yi aiki da tsarin tuƙin jirgin sama mai jure matsala

A yawancin sababbin jiragen fasinja da aka zana tun daga 1988, shekarar da Airbus A320 ya fara jigila, hannun matuƙi ba ya motsa fiffike ko jela kai tsaye. Sandar tuƙi tana aika buƙata ce ta waya zuwa kwamfutoci, su kuma su yi lissafi, sannan su umarci na'urorin haidrolik su motsa sassan da ke juya jirgin. Tunda rayukan ɗaruruwan mutane sun rataya a kan waɗannan kwamfutoci, an ƙera tsarin yadda zai ci gaba da aiki ko da wani sashe nasa ya lalace, kuma ma'aunin da hukumomin sufurin sama suke bi shi ne, yiwuwar lalacewar da za ta halaka jirgi kada ta wuce sau ɗaya cikin awa biliyan ɗaya ta tashi. Wannan aiki ne mai kyau ƙwarai, ya kuma ceci rayuka masu yawa. Sai dai akwai abin da ya kamata duk matuƙi ya riƙe a ransa: idan tsarin ya jure matsala, sau da yawa jirgin da yake miƙa maka ya sha bamban da wanda kake tuƙawa minti ɗaya da ya wuce, alhali sanda da kujera da allon da ke gabanka duk ba su sauya kama ba. Wannan jagora tana bayanin yadda za ka gane wane jirgi ne ya rage a hannunka, da yadda za ka tuƙa shi. Littafin kamfanin da ya ƙera jirginka da horon da aka ba ka su ne gaba da duk abin da ke nan.

Ka san tsarin tun kana ƙasa

Juriyar tsarin tana fitowa ne daga ninki, wato sa na'ura fiye da ɗaya a kan aiki guda. A320 yana da kwamfutocin tuƙi guda bakwai da layukan haidrolik guda uku, waɗanda ake kira kore da shuɗi da rawaya, kuma a cikin kowace kwamfuta akwai sashe mai ba da umarni da sashe mai sa ido a kansa, ta yadda idan suka saɓa kwamfutar za ta janye kanta, wata ta karɓa. Boeing 777, wanda ya fara aiki a 1995, yana da manyan kwamfutocin tuƙi uku, kowace da layi uku masu amfani da ƙwaƙwalwar kwamfuta ta kamfanoni daban-daban, domin kada kuskure iri ɗaya ya kama su duka a lokaci guda. Haka ma na'urorin auna gudu da tsayi da kusurwar da fiffike ke tarar iska, galibi uku-uku ake sawa, kwamfuta tana gwada su, idan ɗaya ta bambanta da biyu sai ta yi watsi da ita.

Abin da ya fi shafar hannunka shi ne matakan da tsarin yake sauka idan ya rasa wani abu. A jiragen Airbus, matakin farko shi ne cikakkiyar ƙa'ida, inda kwamfuta take hana jirgi karkata fiye da digiri 67, take hana hanci ɗagawa sama da digiri 30 ko dukawa ƙasa da digiri 15, take kuma hana fiffike kaiwa kusurwar da iska za ta suɓuce masa ya daina ɗaukar jirgin. Idan kwamfutocin suka rasa bayanan da za su amince da su, sai a koma madadin ƙa'ida, inda mafi yawan wannan kariya take gushewa. Ƙasa da ita akwai ƙa'idar kai tsaye, wadda a cikinta gwargwadon yadda ka motsa sanda gwargwadon yadda sassan fiffike da jela za su motsa, kuma kai ne za ka riƙa daidaita saitin jela da hannu, wato kusurwar kwantaccen fiffiken jela da ke riƙe hanci sama ko ƙasa. Boeing ma yana da matakai uku makamantan waɗannan, sai dai kariyarsa tana tauri ne a hannu, matuƙi kuma yana iya rinjayarta idan ya ƙara ƙarfi.

Saboda haka, kafin ka hau kowane irin jirgi, ka tabbata kana iya amsa tambayoyi uku ba tare da buɗe littafi ba: me yake sa a sauka zuwa kowane mataki, wace kariya ce take tafiya a kowanne, kuma wace alama ce take bayyana a allo don ta sanar da kai. A A320, alal misali, jirgin da ke madadin ƙa'ida yakan koma ƙa'idar kai tsaye da zarar an sauke tayoyi, kuma wanda bai shirya wa wannan ba zai gamu da sauyin yana dab da ƙasa.

Daƙiƙu talatin na farko

Idan ƙararrawa ta buga, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta sake shi, aikinka na farko shi ne tuƙi, kuma tuƙin a nan yana nufin ka kalli matsayin hanci da fikafikai a kan allon da ke nuna sararin sama da ƙasa, ka duba ƙarfin inji, ka riƙe su yadda suke. Jirgin da yake tafiya daidai kafin ƙararrawa zai ci gaba da tafiya daidai bayanta, muddin ba a sauya hancinsa da ƙarfin injinsa ba. A tsayin tafiya hancin babban jirgi yakan kasance digiri 2 zuwa 3 sama, kuma iskar can ba ta da kauri, tazarar da ke tsakanin gudun da ya yi yawa da wanda ya yi kaɗan ba ta da faɗi, don haka motsin hannu dole ya zama kaɗan-kaɗan, da yatsu.

Hatsarin jirgin Air France mai lamba 447 a ranar 1 ga Yuni 2009 shi ne darasin da ba a gama koyo ba a wannan fanni. Jirgin A330 ne da ya taso daga Rio de Janeiro zuwa Paris, ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, kwamfutoci suka ga alƙaluman sun saɓa, na'urar tuƙi ta saki, tsarin ya koma madadin ƙa'ida. Har zuwa nan tsarin ya yi abin da aka ƙera shi ya yi, kuma toshewar ba ta kai minti ɗaya ba. Amma matuƙin da ke riƙe da sanda ya ja hanci sama, jirgin ya haura zuwa ƙafa 38,000, gudunsa ya zube, iska ta suɓuce wa fikafikai, ƙararrawar gargaɗi ta yi ta bugawa daƙiƙa 54 a jere ba wanda ya ambace ta da baki. Cikin kimanin minti uku da rabi jirgin ya faɗa tekun Atlantika da mutum 228, injinansa duka biyu suna aiki. Rahoton hukumar binciken Faransa na 2012 ya nuna wani abu da ya ƙara rikita su: idan gudun da aka auna ya faɗi ƙasa da kimanin kilomita 110 a awa, kwamfuta tana ɗaukar bayanan kusurwar iska a matsayin marasa inganci, ƙararrawar sai ta yi shiru, idan kuma matuƙi ya dukar da hanci gudun ya ƙaru sai ta dawo. Wato mataki na daidai shi ne yake jawo ƙara, na kuskure kuma yana kawo shiru.

Abin yi a bayyane yake. Idan ka yi zargin cewa ma'aunin gudu ya lalace, ka kashe na'urar tuƙi da kanta, da mai sarrafa ƙarfin inji, da sandunan jagora da ke kan allo, domin dukansu suna dogara ne da bayanan da ka daina amincewa da su, sannan ka sa hanci da ƙarfin inji a adadin da littafin jirginka ya tanada. Idan ƙararrawar suɓucewar iska ta buga, ka gaskata ta, ka dukar da hanci kafin komai, ka daidaita fikafikai, sannan ka ƙara ƙarfin inji sannu a hankali, saboda injinan da ke ƙarƙashin fiffike suna ɗaga hanci idan aka buɗe su gaba ɗaya. Za ka yi asarar tsayi, watakila dubban ƙafa, kuma dole ka yarda da wannan asarar.

Ka faɗi matakin da kuke ciki da babbar murya

Da zarar jirgi ya natsu, ka karanta layin saman allonka wanda ke nuna abin da na'urori suke riƙe da shi, ka karanta saƙon da ke allon gargaɗi, ka furta shi abokin aikinka ya ji, shi ma ya maimaita. Faɗin cewa an koma madadin ƙa'ida bai isa ba, sai an haɗa da ma'anarsa: kariya ta tafi, jirgin nan yana iya rasa iska kamar kowane jirgi. Matuƙin da ya shafe dubban awoyi a cikin cikakkiyar ƙa'ida hannunsa ya saba da cewa jan sanda har ƙarshe ba ya kawo illa, kuma a lokacin razana hannu yana komawa ga abin da ya saba, sai dai idan kunne ya ji abin da zai tsayar da shi.

Ka kuma kai idonka ga saitin jela, domin shi ne abin da aka fi mantawa. A jirgin Air France saitin ya bi umarnin sanda ya tashi daga digiri 3 zuwa 13 na ɗaga hanci, ya zauna a nan har ƙarshe. A ranar 27 ga Nuwamba 2008 kuma, wani A320 da ake gwadawa kusa da Perpignan a Faransa ya koma ƙa'idar kai tsaye alhali saitin jelarsa yana ƙarshen ɗaga hanci, kwamfuta ta daina motsa shi, saƙon da ke cewa a daidaita shi da hannu ya bayyana, amma matuƙan ba su taɓa shi ba. Tura sanda gaba har ƙarshe bai iya rinjayar jelar ba, mutum 7 da ke ciki suka rasu. Duk lokacin da ka ga kana tura sanda hanci yana ƙin sauka, ka tambayi kanka nan take wa yake riƙe da saitin jela, kai ko kwamfuta.

Lokacin da masu rinjaye suka yi kuskure

Wannan shi ne sashe mafi wuya, kuma a ganina shi ya fi cancantar lokacin horo. Tsarin gwada na'urori uku ya ginu ne a kan cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, wato biyu da suka yi daidai sun fi ɗaya gaskiya. Amma idan dalili guda ya lalata biyu a lokaci ɗaya, mai gaskiyar ce za a kora. Abin da ya faru a Perpignan ke nan tun farko: ruwa ya shiga na'urorin auna kusurwar iska guda biyu lokacin da aka wanke jirgin, ya daskare a sama, suka tsaya a adadi kusan ɗaya, kwamfuta ta yi watsi da ta ukun da ke aiki daidai. A ranar 5 ga Nuwamba 2014 irin wannan ya sami wani A321 na Lufthansa da ya taso daga Bilbao zuwa Munich, sai dai a wannan karon kwamfuta ta zaci iska za ta suɓuce, ta dukar da hanci don ta kare jirgin, aka yi asarar kimanin ƙafa 4,000 kafin kyaftin ya tsayar da shi da jan sanda ba saki. Mafitar da suka samu ita ce kashe na'urar bayanan iska domin a tilasta wa tsarin sauka zuwa madadin ƙa'ida, inda kariyar da ta juya musu baya ba ta aiki. Bayan haka Airbus ya fitar da umarni cewa a irin wannan hali a bar na'ura ɗaya a kunne, a kashe biyu.

Akwai kuma matsalar da juriya take ɓoyewa. A wani Boeing 777 na Malaysia, ɗaya daga cikin ma'aunan motsi ya lalace tun 2001, na'urar ta keɓe shi ta ci gaba da aiki da sauran, kamar yadda aka tsara. A ranar 1 ga Agusta 2005, bayan tashi daga Perth a Ostareliya, na biyu ya lalace, wani kuskure a manhajar ya sa aka koma amfani da na farkon, jirgin ya ɗaga hanci da kansa ya haura kusan ƙafa 41,000, allo yana nuna gudu ya yi yawa kuma ya yi kaɗan a lokaci guda. Kyaftin ya cire na'urar tuƙi, ya dukar da hanci, ya koma Perth lafiya. Haka a ranar 7 ga Oktoba 2008, na'ura ɗaya a wani A330 na Qantas ta riƙa aika alƙaluman ƙarya na kusurwar iska, kwamfuta ta dukar da hanci ba zato har sau biyu, fiye da mutum 100 suka ji rauni, mafi tsanani waɗanda ba su ɗaure bel ba, aka sauka a Learmonth a Ostareliya.

Hanyar gane irin wannan ita ce neman shaidu masu zaman kansu. Ka gwada allonka da na abokin aikinka da ƙaramin ma'aunin ko-ta-kwana, amma kada ka tsaya a ƙirga nawa ne suka yi daidai. Ka tambayi wanne ne ya dace da matsayin hanci, da ƙarfin inji, da gudun ƙasa da tsayin da tauraron ɗan'adam yake bayarwa, domin waɗannan ba sa bi ta bututun da ƙanƙara ke toshewa. Gargaɗi biyu masu karo da juna, ko jirgi yana yin abin da ba ka umarta ba alhali hanci da inji suna wurin da suka dace, alama ce cewa bayanai ne suka gurɓata. A nan ka rage dogaro da na'ura, kada kuma ka yi gaggawar mayar mata da tuƙi don kawai ta yarda ta karɓa, tunda ba ka san ko ta daina shan gurɓataccen bayanin ba. Jiragen 737 MAX guda biyu da suka faɗi a Indunusiya a 2018 da Habasha a 2019, da rayuka 346, sun nuna ƙarshen wannan matsala, domin a lokacin tsarin da ke dukar da hancinsu yana karanta na'ura ɗaya ce tak, ba ya ma gwada ta da ta biyun da ke jikin jirgin.

Kada ka yi gyaran da littafi bai ce ba

Matsalar da take ta maimaituwa tana gajiyar da mutum har ya so ya kawar da ita ko ta halin ƙaƙa. A ranar 28 ga Disamba 2014, a jirgin AirAsia mai lamba 8501 daga Surabaya zuwa Singafo, gargaɗin na'urar iyakance motsin jela ya bayyana sau huɗu, asalinsa kuwa tsagewar dalma ce a wani allon lantarki, kuma matsalar ta bayyana sau 23 cikin shekara ɗaya kafin hatsarin. Sau uku matuƙan suka bi matakan da allo ya nuna. A karo na huɗu aka katse wutar kwamfutoci biyu da hannu, abin da ake yi a ƙasa amma ba a yarda da shi a sama ba. Nan take na'urar tuƙi ta saki, aka koma madadin ƙa'ida, jirgin ya karkata digiri 54 kafin wani ya kama sanda, daga nan aka ja hanci har iska ta suɓuce, mutum 162 suka rasu. Matsalar asali ba ta hana jirgin isa inda za shi. Kafin ka kashe ko ka sake kunna kowace kwamfuta a sama, ka tabbata tana cikin jerin da littafi ya halatta, ku biyu ku amince, kuma mai tuƙi ya sa hannu a sanda yana sauraron abin da zai biyo baya.

Hannu ɗaya a kan tuƙi

Sandunan gefe na Airbus ba a haɗe suke ba, ba ka jin abin da abokinka yake yi, kuma idan kuka motsa su tare kwamfuta tana tara umarnin biyu ne, ta yadda mai turawa da mai ja za su soke juna. Wannan ya faru a jirgin Air France, ya kuma faru a na AirAsia, inda kyaftin ya ba da umarni da kalmomi biyu masu karo da juna, ɗaya tana nufin ja, ɗaya tana nufin ƙasa. Idan za ka karɓi tuƙi, ka faɗa a fili, ka danna maɓallin karɓa ka riƙe shi, ka jira amsar cewa an sakar maka. Riƙe shi na daƙiƙa 40 yana kulle ɗaya sandar. Idan kai ne mai sa ido, ka ba da umarni da abin da ake so hanci ya yi da adadin digiri, kuma idan ka faɗa sau biyu ba a yi ba, ka karɓa, ko da wanda ke tuƙin ya girme ka a aiki.

Idan saƙonni suka yi yawa, da shirin sauka

A ranar 4 ga Nuwamba 2010 injin wani A380 na Qantas ya tarwatse jim kaɗan bayan tashi daga Singafo, ɓaraguzansa suka huda fiffike suka yanke wayoyi da bututu. Matuƙa biyar ne a ɗakin tuƙi a ranar, duk da haka sai da suka shafe kimanin minti 50 suna bin saƙonnin allo, kyaftin Richard de Crespigny yana tuƙi, mataimakinsa yana karantawa. Ba su bi kowane saƙo ido rufe ba, domin allo yana ganin kowace matsala ita kaɗai, bai san fiffiken a huje yake ba. Abu biyu ya kamata a ɗauka daga gare su. Na farko, idan abin da ya lalace ya yi yawa, ka juya tambayar ka lissafa abin da ya rage yana aiki, ka gina shirinka a kansa. Na biyu, ka gwada yadda jirgin yake amsa sanda tun kana da tsayi, a gudun da za ka sauka da shi da kuma yanayin fiffiken da za ka yi amfani da shi, kamar yadda kyaftin ɗin ya yi kafin ya sauke mutum 469 lafiya. Ka sake lissafin gudun sauka da tsawon titin da ake buƙata, ka zaɓi doguwar hanya madaidaiciya zuwa titi, ka gaya wa abokinka tun da wuri wane sauyi ake sa ran gani idan an sauke tayoyi, da yadda za a fasa sauka idan ta kama.

Bayan an sauka, ka rubuta matsalar a littafin jirgi dalla-dalla, har da wadda ta zo ta wuce da kanta: lokacin da ta bayyana, tsayin da kuke, saƙon da allo ya nuna kalma da kalma, da matakin da kuka ɗauka. Injiniya ba ya iya gano matsalar da ke maimaituwa sai an rubuta kowane zuwanta, kuma ninkin da ya cece ka yau ya ragu da ɗaya ga matuƙin da zai karɓi jirgin gobe. A zaman na'urar kwaikwayon tuƙi na gaba kuma, ka roƙi malaminka ya sa ka tuƙa da hannu a tsayin ƙafa 35,000 cikin madadin ƙa'ida, ba tare da sandunan jagora ba, sannan ya sa maka matsalar da na'urori biyu suka yi ƙarya iri ɗaya ba tare da ya gaya maka lokacin da za ta zo ba.